Kafin a tura tsohuwar mota Lau: Abin da takarda ke faɗa da abin da take ɓoyewa

Daga Abuja zuwa Lau tafiyar yini guda ce cur. Mota za ta ratsa Keffi da Lafiya da Makurɗi, ta bi ta Wukari ta shiga Jalingo, sannan ta nufi garin da ke gaɓar Kogin Binuwai. A daminar 2024 ruwa ya cinye gadar Namnai da ke tsakanin Wukari da Jalingo, har ta kai ana ɗora motoci a jirgin fito domin a tsallake. Wannan ce hanyar da ke jiran motar da ma'aikacin tarayya ya saya da bashin ƙungiyar adashi ta ofis, ko da kuɗin sallama, domin ya aika wa iyalinsa a gida.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar Naira da ta biyo baya, motar Tokumbo ta fi ƙarfin aljihun ma'aikata da dama. Hankali ya koma kan motocin da aka riga aka mora a cikin gida, waɗanda sau da yawa sun ratsa hannu uku ko huɗu. Irin wannan mota rayuwa biyu gare ta: wadda ta yi a ƙasar waje, da ake iya samun tarihinta a rubuce, da wadda ta yi a Najeriya, da ba kasafai ake rubuta ta ba.

Mabuɗin rayuwar farko shi ne lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17. Ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin madogarar ƙofa, kuma wajibi ne ta zo daidai da wadda ke cikin takardu. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, gurbi na goma ne ke nuna shekarar samfurin: 5 na nufin 2005, A kuma 2010. Da wannan lamba ake neman rahoton kamfanoni irin su Carfax, wanda kan nuna ko motar ta taɓa mummunan haɗari, ko ambaliya ta shanye ta, ko kamfanin inshora ya yanke ƙauna da ita ya kai ta gwanjo. Rahoton kan kuma nuna nisan tafiyar da aka rubuta mata a lokuta daban-daban. Idan agogon motar yau ya gaza abin da aka rubuta shekara biyar baya, to an mayar da shi baya.

Binciken ba na ɓata lokaci ba ne. Wani rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka nufa. Rahoton ya kawo binciken ƙasar Holan, wanda ya gano cewa akasarin motocin da ake fitarwa daga can ba su da ingantacciyar shaidar lafiyar hawa titi a lokacin da aka loda su.

Sai takardar kwastam. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, hanyar da motocin Kwatano suka saba bi. Motar da ba a biya mata haraji ba za ta iya ƙarewa a hannun jami'ai a wani shingen hanya, ko da mai ita na yanzu bai san hawa ba bai san sauka ba. Shi ya sa ake kai takardar ofishin kwastam a tantance ta kafin kuɗi ya bar hannu.

Daga nan kuma takarda kan yi shiru. Shaidar da jami'an VIO ke bayarwa ana sabunta ta duk shekara, amma ba ta faɗin yaushe aka sauke inji, ko wa ya yi wa shasi walda. Tarihin rayuwa ta biyu a jikin motar yake, kuma sai bakaniken da mai saye ya zo da shi da kansa, ba na dillali ba, zai karanta shi tsakani da Allah.

Makanikai kan nemi a tayar da injin da safe, tun bai ɗau zafi ba. Shuɗin hayaƙi daga salansa alamar injin na shan baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri da bai yankewa kuwa, tare da baƙin mai da ya koma kalar shayi mai madara, na nuna ruwan lagireto ya sami hanyar shiga inji. Ana kunna makulli a ga ko fitilar gargaɗin inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu, domin akwai masu cire ƙwan don rufe matsala. Na'urar binciken kwamfuta, wadda motocin Amurka ke da wurin jona ta tun 1996, tana tona sauran. A jikin taya kuma akwai alƙaluma huɗu masu nuna mako da shekarar ƙira: 2318 na nufin mako na 23 na 2018.

Ga motar da za ta zauna a Lau, abu biyu sun fi fenti muhimmanci: ƙarƙashi da ruwa. Yankin ya sha ambaliya a 2012 da 2022, shekarun da aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, kuma haka aka yi a garuruwan gaɓar Binuwai har zuwa Lokoja. Motar da ta kwana cikin ruwa ana iya wanke ta a kawo birni tana sheƙi. Sai a ɗaga kafet a sansana, a duba laka a ramin safaya taya, tsatsa a kusoshin kujeru, da kore-kore a mahaɗar wayoyi. Irin wannan lahani ba ya bayyana ranar ciniki. Sai bayan watanni wutar motar ta fara rikicewa. Sannan a hau da ita rami a duba shokozoba da bututun birki da tankin mai, a kuma tambayi ko kayan gyaranta na samuwa a Jalingo, tunda motar da sai an aika Apo neman kayanta za ta fi daɗewa a ajiye.

Duk wannan bincike bai wuce ladan bakanike na yini ɗaya da kuɗin rahoto ba, abin da bai kai farashin taya biyu masu kyau ba. Dillalin da ya hana a kai mota rami, ko ya ce takardar kwastam sai gobe, ya riga ya ba da amsa. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida ne. Kuma mai jiran motar a Lau, ranar da za a garzaya da mai naƙuda asibiti a Jalingo cikin dare, ba zai tambayi kalarta ba.