Yadda ƙwayar cutar nimoniya ke samun ƙofa a jikin ɗan Adam

Da zarar hunturu ya sauka a Suleja, hazo ya lulluɓe Dutsen Zuma, tari kan yawaita a gidaje, jama'a kuma su ɗora laifin a kan sanyi. Sai dai sanyi shi kaɗai ba ya haifar da nimoniya. Babbar mai laifin wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira numokokas, wadda aka gano tun 1881. Ba baƙuwa ba ce: tana zaune lami lafiya a can cikin hancin yara da dama masu ƙoshin lafiya.

Kafin ta yi ɓarna, sai ta samu madafa. Hanyar numfashi na da majina da wasu siraran gashi masu share duk abin da ya kutso. Ita kuwa ƙwayar tana sanye da wata riga mai santsi, wadda ke hana majina riƙe ta, ta kuma hana sojojin jini haɗiye ta. Idan ta isa bangon ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanyar, sai ta rage kaurin rigar, ta aske lulluɓin da ke saman bangon da wani sinadarinta, sannan ta manne.

Shigar ce ta fi wayo. A 1995, binciken Elaine Tuomanen da abokan aikinta a Jami'ar Rockefeller ta Amurka ya nuna cewa a jikin ƙwayar akwai sinadari mai kama da saƙon da jiki ke aikawa yayin kumburi. Ƙwayar halitta na da ƙofar karɓar wannan saƙo. Sai ta zaci na gida ne, ta jawo ɓarawo ciki da hannunta. Daga nan cutar na iya ratsawa zuwa jini, har ta kai ga sanƙarau.

Irin waɗannan ƙofofi kan ƙaru idan mura, hayaƙin taba ko ƙazamin hayaƙin motoci suka gallabi hanyar numfashi. Ga garin da tankokin mai da motocin ma'aikatan Abuja ke cunkushe titunansa safe da yamma, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Rigar nan ce allurar rigakafi ke koya wa jiki ya gane. Najeriya ta fara sanya ta cikin rigakafin yara a Disamban 2014, ana yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14. Nau'o'in rigar sun haura 90, allurar kuwa goma daga cikin mafiya haɗari ta tunkara. Saboda haka yaron da numfashinsa ke sauri, ko ƙasan ƙirjinsa ke loɓawa idan ya ja iska, asibiti za a garzaya da shi ko da an yi masa allurar.