'Yan Ishiriniya a Zaurukan Kano

Idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, bayan lisha sai zaurukan Kano su ɗauki sauti. 'Yan Ishiriniya ke nan: wannan maɗinki, wancan ɗan koli, wani falke. Ba su da albashi, sai goro da addu'a.

Yabon Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suke rerawa, na Alfazazi mutumin Andalus, wanda ya rasu a 627 ta Hijira. Kowane harafi baiti ashirin ne. Ɗaya ya ja, saura su amsa.

Babbar jarrabawarsu mai zaƙin murya, wanda ke so a ji shi shi kaɗai. Maganinsa malami ya mai da shi cikin masu amshi, har ya koyi jira. Allah Ya tsare bayinSa daga riya, amin.