Hawan duwatsun Bahuli: Ka je a matsayin baƙo, ka dawo da iyali lafiya

Duk wanda ya shiga garin Mubi ya ɗaga kai ta gabas, zai ga jerin duwatsu sun tokare sama. Duwatsun Mandara ke nan, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Najeriya da Kamaru. Bahuli, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, tana wannan yanki, inda al'ummar Fali ke zaune tun kaka da kakanni, kamar 'yan uwansu na Vimtim da Muchalla.

Idan hutun makaranta ya zo kuma kana tunanin fitar da yara su sha iska nesa da hayaƙin gari da allon waya, hawan dutse motsa jiki ne mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 kullum. Sai dai ka sa abu ɗaya a ranka tun daga gida: dutsen da kake kallo a matsayin wurin shaƙatawa, gona ce da wurin kiwo da mashayar wasu mutane. Lafiyarka da tasu duk sun rataya ne a kan yadda ka hau da yadda ka kwana.

Tsawon dutsen ba shi ne matsalar ba

Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa a kan tsaunuka yakan fara ne daga tsawon mita 2,500. Ƙololuwar Mandara mafi tsawo, Dutsen Oupay da ke ɓangaren Kamaru, mita 1,494 ce. Ko Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Saboda haka ba numfashi ne zai gagare ka a Bahuli ba. Abubuwan da ke kayar da mutum a irin wannan dutse su ne zafin rana, ƙishirwa, santsi, maciji da tsawa, kuma duk ana iya kauce musu da shiri.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ka zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ƙasa a bushe take kuma rana da sauƙi. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani. Da damina kuwa gansakuka na sa dutse santsi, ciyawa ta rufe hanya, ga haɗarin tsawa.

Ka fara tambayar halin tsaro. A ƙarshen Oktoba 2014 'yan Boko Haram sun mamaye Mubi kafin a ƙwato ta a watan Nuwamba na shekarar. Rayuwa ta dawo garin, amma yankin kan iyaka ne, kuma labarin tsaro na iya sauyawa. Ka sanar da jami'an tsaro, ka kai gaisuwa wurin jauro ko mai unguwa, ka nemi ya haɗa ka da ɗan gari da zai ja muku gora, ka kuma biya shi haƙƙinsa. Da ɗan gari akan ci gari: shi ya san hanyar da ke kaiwa ƙololuwa da wadda ke ƙarewa a bakin kwazazzabo, da wadda za ta tsallaka da kai Kamaru ba ka sani ba. Ka ja kunnen yara kada su taɓa wani baƙon ƙarfe ko ƙunshi da suka gani a daji. Ka kuma gaya wa wani a gida inda za ku da lokacin da za ku dawo, domin layin waya na ɗaukewa a tsakanin duwatsu.

Mai ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga ko asma ya ga likita kafin tafiya. Mai sikila ya yi hattara sosai, domin ƙishirwa, gajiya da sanyin dare na tayar da ciwon. Mai juna biyu da ƙananan yara su tsaya a gindin dutse, inda hanya ke da faɗi.

Kayan tafiya su ne takalmi sau-ciki mai ƙasan roba da ke kama dutse, dogon wando, malafa ko hula, sanda, tocila, bandeji da gishirin haɗa ruwan gishiri da suga. Silifas da takalmin fata mai sulɓi su zauna a gida. Kowane babba ya ɗauki ruwa aƙalla lita 3, da guzuri marar nauyi kamar dabino, gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

A kan dutse

Ku tashi da sassafe, ku yanke lokacin juyowa tun kafin ku fara, misali ƙarfe 11, ko kun kai ƙololuwa ko ba ku kai ba. Tafiyar ta zama daidai da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikinku. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda hanya ta zama sai an sa hannu, ka tabbatar gaɓoɓi uku cikin huɗu na riƙe da dutse a kowane lokaci: hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Ka gwada kowane dutse kafin ka ɗora masa nauyinka. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin mai hawa, domin dutsen da bai wuce dunƙulen hannu ba zai iya fasa kai idan ya gangaro. Kada ka cusa hannu cikin tsagar da ba ka ga cikinta ba. Nan kunama da maciji da ƙudan zuma ke fakewa. Bangon dutse da ke tsaye cak kuwa aikin waɗanda suka samu horo ne da igiyoyi na musamman. Igiyar guga ko ta shanya ba ta ɗaukar mutumin da ya faɗo.

Saukowa ta fi hawa haɗari, domin ƙafa ta gaji, gwiwa na rawa, hankali kuma ya koma gida. Ka rage tsawon taku, ka riƙe yara kusa, kuma ka hana matasa ɗaukar hoto a bakin gaɓa.

Yara ba sa saurin cewa suna jin ƙishirwa, don haka ka riƙa ba su ruwa a kai a kai. Fitsari kaɗan mai duhu, ciwon kai, jiri da ɗaurewar jijiya alamu ne na bushewar jiki. A kai mutum inuwa, a ba shi ruwan gishiri da suga: ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Idan ya fara sambatu ko ya suma kuma jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa.

Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ta yi yawa a arewa maso gabas, har akwai asibiti na musamman na saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Idan ta sari wani, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a tallafe gaɓar da itace don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa asibiti nan take. Allurar kashe dafi ce maganin.

Idan kuka ji tsawa, ku sauka daga ƙololuwa, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin kogo, ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Kwana a gindin dutse

Mai gari ne zai nuna muku inda za ku kafa tanti. Ku guji cikin busasshen rafi, domin ruwan da aka yi a saman dutse na iya sauko muku da ambaliya cikin dare, ku kuma guji ƙarƙashin gaɓar da duwatsu ke ruftowa. Ku ɗaura gidan sauro, ku zazzage takalmi da safe kafin ku sa ƙafa. Sanyin hunturu na da ƙarfi da asuba, amma kada ku shigar da garwashi cikin tanti. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum cikin barci.

Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga dutse shi mutanen ƙasa ke sha. Ku kafa zango aƙalla taku 70 daga gare shi. Wanda zai kewaya ya yi nisa haka, ya haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ya binne. Ta hanyar bahaya kwalara da taifot ke shiga ruwa, kuma yaran ƙauyen ne za su fara kamuwa bayan kun tafi. Kada a yi wanki ko wanke-wanke a cikin ruwan. A ɗebo a yi a gefe. Ruwan da za ku sha ku tafasa shi na minti 1 aƙalla. Kada yara su yi wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya.

Wuta a hunturu ba abin wasa ba ce. Tartsatsi ɗaya na iya cinye harawa da karan dawa da rumbun wani. Ku yi girki da ƙaramin risho ko a murhun da kuka tarar, ku kashe wutar da ruwa har tokar ta yi sanyi. Kada ku sare ɗanyen itace.

Za ku ga an jera duwatsu hawa-hawa a jikin gangara. Wannan dabarar noma ce da mutanen Mandara suka gada, tana riƙe ƙasa da ruwa don kada damina ta wanke gona. Irinta na cikin abubuwan da suka sa UNESCO ta sanya Sukur ta Ƙaramar Hukumar Madagali cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, wuri na farko a Najeriya. Kada ku cire dutse daga ciki don yin murhu, kada ku taka shuka. Idan jagora ya ce wani wuri na al'ada ne ko maƙabarta, ku kauce. Ku nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa, kuma kada a yi rubutu da fenti a jikin dutse.

Ledar ruwa, gwangwani, kwalba da batir duk ku tattara su a buhu ku koma da su gari. Akuyar da ta haɗiyi leda na iya mutuwa, kuma wataƙila ita ce kuɗin makarantar wani yaro. Ka ba yaranka wannan aiki na tattara shara, su ne za su fi riƙe darasin. Kafin ku kama hanya, ku koma wurin jauro ku yi godiya, ku shaida masa kun sauko cikakku.