Kwatanta Hanyoyin Tantance Zanen Yatsa da Na'ura: Misali daga Kebbe da Tambuwal

A wannan takarda za mu kwatanta hanyoyi biyu da na'ura ke bi wajen shaida mutum ta zanen yatsansa. A ta farko, na'ura takan tsinto wuraren da layukan zanen suka yanke ko suka rabu biyu, ta auna mazauninsu. A ta biyu kuwa, takan ɗora hoton yatsan ɗungurungum bisa wanda aka adana, ta dubi dacewarsu. Ta farko ta fi sauri, amma sai layuka sun fito sarai. Ta biyu ta fi jure dusasshen zane, sai dai karkacewar yatsa kan rikita ta.

Wannan bambanci ya shafi manoman Kebbe da Tambuwal, waɗanda ƙotar fartanya kan cinye musu zane, hunturu kuma ya busar da fata. A zaɓen 2015, idan na'urar karanta kati ta kasa shaida yatsa, takarda ake cikewa da hannu, wato an buɗe ƙofar maguɗi ke nan. Na'urar BVAS, wadda Hukumar Zaɓe ta soma amfani da ita a 2021, ta ƙara da duban fuska. Saboda haka muna ganin kada a amince da kowace hanya sai an jarraba ta da yatsun manoma.