Tasirin Ƙirar Na'urar Game Boy a Kan Rubutun Japananci

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna yadda ƙirar na'ura kan shata wa rubutu iyaka. An ɗauki misali daga Game Boy, na'urar wasa ta hannu wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a shekarar 1989.

2.0 Sassan Na'urar

Ƙwaƙwalwarta, wato sashen sarrafa umarni, ƙirar kamfanin Sharp ce mai bugawa kimanin sau miliyan 4.19 a daƙiƙa. Sautinta ta kafofi huɗu yake fitowa: uku na amon kiɗa, ɗaya na ƙara irin ta ruwan sama ko ganga. Allonta na da ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, da launi huɗu kacal daga haske zuwa duhu. Akan harhaɗa hoto ne da ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 sau 8, ma'ajiyar hoton kuwa ba ta ɗaukar fiye da guda 384.

3.0 Tasiri a Kan Rubutu

Galibi kowane harafi murabba'i guda yake ci, saboda haka layi ba ya wuce haruffa 20. Alamomin kanji kuwa dubbai ne, ga yawan zane, don haka wurin ya yi musu kaɗan. Wannan na daga dalilan da suka sa aka rubuta wasan Pokémon na 1996 da kana, wato rubutun gaɓa, ana barin tazara tsakanin kalmomi, abin da Japananci bai saba da shi ba.

4.0 Kammalawa

Ashe ke nan, ƙa'idar rubutu kan rusuna wa kayan aikin da ke ɗauke da ita.