Kowane Inabi da Ƙasarsa: Darasi daga Gonakin Faransa

Duk wanda ya tashi a gidan manoma a cikinmu ya san cewa ba a shuka shinkafa a jigawa, ba a kuma kai gero cikin fadama. Wannan sanin da iyayenmu ke da shi, shi ne manoman inabi na ƙasashen Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyo. A wurinsu kuwa kuskure yana da tsada ƙwarai, gama kuringar inabi takan yi kamar shekara 3 kafin ta fara ba da 'ya'ya, ta kuma zauna a gona shekara 30 ko fiye. Manomin da ya dasa irin da bai dace da gonarsa ba, shi da 'ya'yansa za su daɗe suna biyan bashin wannan kuskure.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin ɗan inabi. Yayin da yake nuna, zaƙinsa yana ƙaruwa, tsaminsa yana raguwa, ƙanshi da launi kuma suna taruwa a ɓawonsa. Ruwan inabi mai kyau yana bukatar waɗannan duka su daidaita a lokaci guda. Idan wuri ya cika sanyi, kaka za ta zo inabi bai nuna ba, ruwansa ya yi tsami. Idan wuri ya cika zafi, zaƙi zai rigaya ƙanshi zuwa, ruwan ya yi ƙarfi amma ba armashi. To, iri-irin inabi ba su nuna tare. Wani yakan yi sauri, wani yakan yi nawa. Aikin manomi shi ne ya sami irin da zai gama nuna daidai lokacin da ɗumin wurinsa ke ƙarewa.

Misali mafi kyau shi ne yankin Bargandi, a gabashin Faransa, kudu da birnin Dijon. A shekara ta 1098 aka kafa gidan 'yan zuhudu na Sito a wannan yanki. Suna bukatar ruwan inabi domin sujada da kuma baƙi, saboda haka suka dukufa ga noma. Da yake gonakin na gidan ne, ba na mutum ɗaya ba, abin da wani tsara ya lura da shi yakan wuce zuwa ga na baya. Sannu a hankali aka gane cewa gonaki biyu da hanya kaɗai ta raba su suna iya ba da ruwan inabi iri dabam. Shahararriyar gonarsu, Clos de Vougeot, mai faɗin hekta kusan 50, har yanzu tana nan kewaye da katangar dutse.

Gonakin Bargandi mafi daraja suna tsakiyar gangaren tudu mai fuskantar gabas. Me ya sa? A gindin tudu ƙasa tana da zurfi, tana riƙe ruwa, iska mai sanyi kuma takan kwanta can da dare har ta ƙone sabon toho. A bisa tudu ƙasa ba ta da kauri, iska kuma ta yi yawa. A tsakiya kuwa ruwa yana tsiyayewa, hantsi yana busar da raɓa, saiwa tana ratsa dutsen farar ƙasa. Nan ne inabin da ake kira Pinot Noir, mai ɓawo marar kauri da saurin nuna, ya sami gidansa, tare da farin inabi Chardonnay.

Akwai wani iri mai suna Gamay, wanda ya fi Pinot Noir yawan 'ya'ya, don haka manoma suka so shi. A shekara ta 1395 mai mulkin Bargandi, Filib Mai Ƙarfin Hali, ya ba da doka a tumɓuke shi, yana cewa yana ɓata sunan ruwan inabin ƙasarsa. Amma Gamay ba mugun iri ba ne. Can kudu kaɗan, a tuddan Bojole, inda ƙasa take da rairayin dutsen giranit, yana ba da ruwan inabin da aka san shi a duniya. Laifin na wuri ne, ba na iri ba.

Haka abin yake a Bodo, a kudu maso yammacin Faransa. A gefen hagu na kogi ƙasa tsakuwa ce, wadda ke shan zafin rana ta kuma bar ruwa ya wuce, sai aka ba ta Cabernet Sauvignon mai nawar nuna. A gefen dama, inda laka mai sanyi ta fi yawa, Merlot mai saurin nuna ne ke sarauta. A Jamus kuma, a bakin kogin Mosel, ana dasa Riesling a gangare mai tsayi da ke kallon kudu, inda baƙin dutsen allo ke ajiye ɗumin rana.

Ba reshe kaɗai ake zaɓa ba, har da saiwa. Wajen shekara ta 1863 wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya ɓulla a kudancin Faransa daga Amurka, ya hallaka gonaki masu ɗimbin yawa. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗaura reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Sai dai wasu saiwoyin ba su jure farar ƙasa ba, ganye ya riƙa yin rawaya, har sai da aka nemo wani inabin daji daga Tekzas wanda ya saba da irin wannan ƙasa.

A shekara ta 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin Bargandi, kashi 1,247 kowanne da sunansa da iyakarsa, cikin kayan gadon duniya. Duk da haka aikin bai ƙare ba. Garin Bon yana da tarihin ranakun girbi tun daga 1354, ya kuma nuna cewa daga 1988 girbi yana rigayar lokacinsa na dā da kimanin kwana 13, saboda ɗumamar yanayi. A 2021 aka yarda wa manoman Bodo su gwada sababbin iri 6 masu jure zafi, har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal.

Ashe babu irin da ya fi kowane iri a ko'ina. Manomin kirki ba ya tambaya wane inabi ne ya fi suna. Yakan haƙa rami ya duba ƙasarsa, ya lura da inda rana ke faɗowa da inda ruwa ke kwanciya, sa'an nan ya zaɓa. Mu ma da muke da gonar makaranta, kafin mu ɗauki iri bana, bari mu fara tambayar ƙasar abin da za ta iya ɗauka.