Daga Launin Ƙwayar Cuta Zuwa Takardar Kuɗin Asibiti

A shekarar 1884, wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Gram yana aiki a birnin Balin, yana neman dabarar ganin bakteriya a cikin huhun mutanen da nimoniya ta kashe. Sai ya yi musu aikin marina. Ya zuba rini mai launin shunayya, ya bi shi da aidin, sannan ya wanke da sifirit. Wasu ƙwayoyin suka riƙe launin gam, wasu kuwa ya zuba. Daga baya aka gano cewa masu riƙewar bangon jikinsu ne ke da kauri. Su ake kira gram-fozitib har gobe. A cikinsu akwai Staphylococcus aureus mai kawo maruru da ruɓewar rauni, da Streptococcus pneumoniae mai kama huhu, da kuma ƙwayar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023.

Wannan rinin cikin mintoci ake gama shi, kuma yana taimaka wa likita ya zaɓi maganin da zai fara da shi. Amma dangi kawai yake nunawa. Kafin a san ainihin sunan ƙwayar sai an rene ta a ɗakin gwaji, kwana ɗaya, biyu, wani lokaci fiye. A wannan tazarar ce rigimar kuɗi take ɓuya.

Asibiti ba ya aika wa kamfanin inshora labarin ciwo. Lamba yake aikawa. Kundin lambobin shi ne ICD, wanda tushensa jerin sanadin mutuwa ne da Bafaranshe Jacques Bertillon ya tsara aka amince da shi a 1893, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta karɓi riƙonsa a 1948. Amurka ta ɗauki bugu na 10 ta faɗaɗa shi, ta soma aiki da nata samfurin, ICD-10-CM, ranar 1 ga Oktoba 2015, da lambobi wajen 70,000. A can akwai masu sana'a guda, ba likitoci ba ne, waɗanda aikinsu kenan daga safe zuwa yamma: su karanta abin da likita ya rubuta a fayil, su mayar da shi lamba.

To, a wannan ƙaton kundi, kalmar gram-fozitib kusan ba ta da masauki. Ɗauki cutar sefsis, wato halin da jiki kan shiga idan yaƙinsa da ƙwayar cuta ya juyo yana lalata gaɓoɓinsa. Idan dangin masu sakin launi ne suka jawo ta, akwai A41.50 ko da ba a san sunan ƙwayar ba. Masu riƙe launi ba su da irin wannan rumfar. Kundin so yake a kira kowace da sunanta: A40.0 idan Streptococcus ne na rukunin A, A41.81 idan Enterococcus ne, A41.01 idan Staphylococcus aureus ne mai jin maganin metisilin, A41.02 idan mai taurin kan nan ne da ake kira MRSA. Likitan da ya tsaya a kan launi bai dawo ya rubuta suna ba, ya jefa majinyacinsa cikin kwandon "sauran".

Wasu cututtukan kuma lamba biyu suke buƙata. Maruru yana ƙarƙashin L02, lambar da ke faɗin inda ciwon yake a jiki amma ba ta faɗin mai laifi. Sai a goya mata B95.62 idan MRSA ce. Lambobin B95 'yan rakiya ne, ba a sa su a gaba.

Ina ruwan kuɗi da wannan ƙididdiga? Tun 1983 shirin Medicare, inshorar gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ya daina biyan asibitoci gwargwadon abin da suka kashe wa wanda aka kwantar. Ya koma tsarin DRG da aka ƙirƙiro a Jami'ar Yale: a jefa majinyaci cikin rukuni bisa lambobinsa, kowane rukuni da farashinsa, kamar cinikin buhu, ba na mudu ba. Nimoniyar da ba a faɗi ƙwayarta ba, J18.9, rukunin nimoniya mai sauƙi take faɗawa, DRG 193 zuwa 195. Wadda aka rubuta cewa MRSA ce, J15.212, tana haurawa rukunin 177 zuwa 179 mai kuɗi da yawa. Gado ɗaya, tari ɗaya, amma kalma guda a fayil ta sauya ciniki.

Hikimar a fili take, domin nimoniyar MRSA ta fi wuyar jinya da tsadar magani. Sai dai inda aka ajiye zuma, ƙuda ba ya rasa hanya. A shekarun 1990 masu binciken gwamnatin Amurka sun bi diddigin asibitocin da nimoniyarsu kullum mai tsanani ce a takarda. Babban kamfanin asibitoci Columbia/HCA ya ƙare da biyan kimanin dala biliyan 1.7 a sulhun 2000 da 2003 kan tuhume-tuhumen zamba iri-iri, ciki har da kumbura lambobin nimoniya.

A ganina, ƙa'idar da ta fi kowace ma'ana a wannan sana'a ita ce wadda masu sa lamba suka fi yin tsaki a kanta: ba su da ikon ɗauko cuta daga takardar sakamakon gwaji. Ko da sun ga sunan ƙwayar ɓaro-ɓaro, sai likita ya rubuta da kansa cewa ita ce sanadin ciwon. Kamar ɓata lokaci ne, amma ba haka ba ne. Staphylococcus epidermidis a kan fatar kowa take zaune, kuma allurar ɗibar jini kan kwaso ta ta kai cikin kwalba. Sai ɗakin gwaji ya bugo waya cewa an ga gram-fozitib a jini, alhali jinin ƙalau yake. Haka ma MRSA: mutum na iya ɗauke da ita a hanci ba ta yi masa komai, kuma lambar wannan daban ce, Z22.322. Ko ganin bakteriya a jini da gaske, R78.81 ne, bai zama sefsis ba sai likita ya ce ya zama.

Shi ya sa idan fayil ya zo da giɓi, mai sa lamba takardar tambaya yake aika wa likita. Ita ma da nata sharaɗin: kada ta nuna masa amsar da ake so, kada ta ambaci kuɗi. Za ta ce ne kawai, ga abin da gwaji ya nuna ranar kaza, ga maganin da aka bayar, shin wannan ƙwayar ce ta kwantar da shi, ko gurɓacewar kwalba ce, ko ba za a iya tantancewa ba? Kafin likita ya amsa, takardar kuɗin tana nan ajiye ba a tura ba.